Yadda Ake Tattara Tarihin Wasanni na Ƙaramar Jami'ar Katolika: Aiki da Misalin Immaculata

A unguwannin bayan birnin Filadelfiya na Amurka akwai ƙananan jami'o'in Katolika jere da juna, akasarinsu ƙungiyoyin sistoci, wato matan da suka sadaukar da rayuwarsu ga hidimar coci, ne suka kafa su domin ilimin 'yan mata. Wasu sun fara rufewa. Cabrini da ke Radnor, wadda aka buɗe a 1957, ta sallami ɗalibanta na ƙarshe a 2024, Jami'ar Villanova ta karɓi harabarta. Duk lokacin da irin wannan ta faru, takardun wasanni su ne suke fara watsewa, domin galibi a ofishin koci ko a gidajen tsofaffin 'yan wasa suke, ba a ɗakin ajiya ba.

Wannan jagora na ɗan jaridar wasanni ne, da ɗalibin tarihi, da mai rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa, da duk wanda yake son ya ba da labarin irin waɗannan makarantu ba tare da ya cusa kuskure ba. Mun ɗauki Jami'ar Immaculata a matsayin misali, saboda tarihinta ya tara kusan dukkan ramukan da mai bincike yake faɗawa. Tana gundumar Chester a jihar Pennsylvania, kusa da garin Malvern, kimanin mil 20 yamma da Filadelfiya. 'Yan matanta, waɗanda ake wa laƙabi da Mighty Macs, su ne suka ci kofin ƙwallon kwando na mata na ƙasa baki ɗaya sau uku a jere, a 1972 da 1973 da 1974.

Ƙa'ida guda ce ke tafiyar da aikin gaba ɗaya: kowace shekara a auna ta da sunan da makarantar take ɗauke da shi a lokacin, da hukumar da ke shirya gasa a lokacin, da dokokin wasa na lokacin. Yawancin kurakuran da muke gani sun fito ne daga auna 1972 da ma'aunin yau.

Fara da takarda guda ta sunaye da shekaru

Kafin ka taɓa maganar wasa, rubuta matakan da makarantar ta bi a shafi ɗaya. Na Immaculata ga yadda yake:

1920: an ba ta lasisi da sunan Villa Maria College, kwalejin mata zalla.
1929: ta koma Immaculata College.
1969: ta buɗe karatun yamma wanda maza da mata ke shiga.
2002: ta zama jami'a.
2005: ta fara ɗaukar maza a karatun digiri na farko na rana.

Amfanin wannan shafi nan take yake bayyana. Idan ka rubuta cewa Jami'ar Immaculata ta ci kofi a 1972, ka yi kuskure, domin a lokacin kwaleji ce, sai bayan shekara 30 ta zama jami'a. Idan kuma kana neman labaran shekarun 1920 a tsofaffin jaridu da sunan Immaculata, ba za ka sami komai ba, sai ka nema da Villa Maria. A nan ma akwai tarko: akwai wata Villa Maria College a Buffalo ta jihar New York, wadda wata ƙungiyar sistoci daban ta kafa, kuma akwai makarantar sakandaren 'yan mata mai suna Villa Maria Academy a Malvern ɗin kanta. Don haka duk sakamakon da ya fito, duba gari da shekara kafin ka kwafa. Wajen bincike a intanet ka rubuta sunayen yadda Turawa ke rubuta su, domin rumbunan jaridu ba su san rubutunmu ba.

Gano ƙungiyar da ta kafa ta

Mutane da yawa sun ɗauka bishop ne ke mallakar kowace jami'ar Katolika. A Amurka mafi yawansu ƙungiyoyin fada-fada ko na sistoci ne suka kafa su, kowace da ɗakin ajiyarta na daban. Villanova ta 'yan Augustine ce tun 1842. Immaculata ta sistocin da ake taƙaita sunansu da IHM ce, ƙungiyar da aka kafa a 1845 a Monroe ta jihar Michigan, daga baya ta rabu gida uku: Monroe, Scranton da ɓangaren Filadelfiya mai hedikwata a Immaculata. Jami'ar Marywood ta 'yan Scranton ce. In ka aika tambaya ga ɓangaren da ba shi ba ne, za ka yi makonni kana jiran amsar da ba ta hannunsu.

Dalilin da ya sa wannan ya shafi wasanni shi ne, a kwalejin mata ta wancan zamani sistoci ne shugabanni, su ne masu riƙe da kuɗi, su ne malamai. Hukuncin ɗaukar koci, ko gina zauren wasa, ko ba 'yan wasa izinin tafiya wata jiha, a littafin zaman majalisarsu ake samun sa. Ƙungiyoyin sistoci kuma suna da al'adar rubuta abin da ya faru a gidansu shekara-shekara, kuma waɗannan kundaye sun fi jarida kiyaye kwanan wata. Ka nemi izini cikin ladabi, ka ambaci mai kula da ajiyar da Sista da sunanta, kada ka yi tsammanin za a buɗe maka komai, domin takardun ƙungiya ne masu zaman kanta.

Gina teburin wasanni kafin ka rubuta jimla ko ɗaya

Buɗe shafin lissafi a kwamfuta, kowane wasa layi guda. Ginshiƙai tara sun isa: kakar wasa, kwanan wata, abokiyar karawa da sunanta na lokacin, wurin wasa, makin Immaculata, makin abokiyar karawa, nau'in wasa, koci, sai inda ka samo bayanin. Ginshiƙi na ƙarshe shi ne mutane ke raina wa, kuma shi ne ke cetonka ranar da majiya biyu suka saɓa.

Kakar ƙwallon kwando tana ratsa shekara biyu, daga ƙarshen wata zuwa watan Maris na mai bi mata. Rubuta ta 1971-72, kada ka rubuta 1972 kawai. Kofin farko na Immaculata na kakar 1971-72 ne, kuma in ka bar shekara guda a tebur, wasannin farkon kaka za su zame zuwa kakar da ba tasu ba, jimillar nasarori ta rikice.

Sunayen abokan karawa ma suna sauyawa. Wadda Immaculata ta doke a wasan ƙarshe na 1972 sunanta West Chester State College a lokacin, yanzu West Chester University. Mississippi State College for Women, wadda suka fitar a wasan kusa da na ƙarshe a shekarar, daban take da Mississippi College da suka doke a wasan ƙarshe na 1974, kuma dukansu daban suke da Mississippi State University. Wannan ruɗani yana yawo a rubuce-rubuce da dama.

Wasannin ƙarshe guda biyar da za ka kafa teburin a kansu su ne: 1972 a garin Normal na jihar Illinois, Immaculata 52, West Chester 48. 1973 a birnin New York, Immaculata 59, Queens College 52, kuma kakar ce suka yi wasa 20 ba a doke su ba. 1974 a garin Manhattan na jihar Kansas, Immaculata 68, Mississippi College 53. A 1975 Delta State ta doke su 90 da 81, a 1976 ta sake doke su 69 da 64. Kula da Manhattan ɗin 1974: ta Kansas ce, inda Jami'ar Kansas State take, ba ta New York ba.

Akwai hanyoyin lissafi biyu na kama kuskure. Na farko, a wancan zamani babu jifa mai maki uku, don haka makin kowace 'yar wasa shi ne yawan ƙwallayen da ta jefa cikin wasa sau biyu, a haɗa da jifan kyauta. Tara na kowa, in bai yi daidai da makin ƙungiya ba, to ko jarida ta tsallake suna, ko mai buga rubutu ya sauya lamba. Na biyu, Cathy Rush ta horar da ƙungiyar kaka bakwai, daga 1970 zuwa 1977, ta ci wasa 149 ta faɗi 15. Wato wasa 164. Idan teburinka bai kai haka ba, ka san yawan wasannin da suka rage ka nemo. Idan ya wuce, mai yiwuwa ka haɗa da wasannin gwaji ko na rangadi, kamar tafiyar da suka yi Ostareliya a 1974, waɗanda ya kamata a ware musu nau'i na daban.

Wace hukuma ce ta shirya gasar

A nan aka fi yin ɓarna, don haka za mu daɗe a kai.

Kowa ya san NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka a yau, shi ya sa hannu yake saurin rubuta cewa Immaculata ta ci kofin NCAA sau uku. Ba ta taɓa ci ba. NCAA ba ta fara shirya gasar mata ba sai kakar 1981-82. Kofunan Immaculata na AIAW ne, hukumar da malaman motsa jiki mata suka kafa a 1971 domin tafiyar da wasannin mata da kansu. Shi ya sa in ka buɗe jerin zakarun NCAA ba za ka ga sunan Immaculata ba, kuma rashin ganinsa bai rage wa kofunan daraja ba ko kaɗan. A shekarun nan AIAW ce kaɗai babbar gasar ƙasa ta kwalejojin mata.

Kafin AIAW ma an yi wata gasa ta gayyata daga 1969 zuwa 1971. Carol Eckman, kocin West Chester, ita ce ta shirya ta farko, kuma ƙungiyarta ce ta ci. Saboda haka jimlar da ta dace ita ce Immaculata ce zakarar farko a gasar AIAW. In ka ce ita ce ta fara cin kowace irin gasar ƙasa, ka ci haƙƙin West Chester. Wani abin lura: Cathy Rush a West Chester ta yi karatu, kuma 'yan kwanaki kafin gasar ƙasa ta 1972 West Chester ta lallasa Immaculata 70 da 38 a wasan ƙarshe na shiyya. Wannan ne kaɗai wasan da suka faɗi a kakar. Duk labarin da ya tsallake wannan kaye ya rage wa nasarar 52 da 48 rabin nauyinta.

Shekarar 1982 tana da zakaru biyu, domin hukumomin biyu kowace ta yi gasarta. Louisiana Tech ta ci ta NCAA, Rutgers ta ci ta AIAW ta ƙarshe, kuma kocin Rutgers ita ce Theresa Grentz, tsohuwar tauraruwar Immaculata. Bayan nan AIAW ta durƙushe. Takardunta suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Maryland da ke College Park, can ne za ka nemi jadawalin gasa da wasiƙun hukuma.

Sai maganar Title IX, dokar da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Sau da yawa ana rubuta cewa dokar ce ta buɗe wa Immaculata ƙofa. Duba kwanan wata: sun ci kofin farko a watan Maris na 1972, Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar ranar 23 ga Yuni na 1972. Kofin ya riga dokar da wata uku. Gaskiyar lamarin ma akasin haka take, dokar tana cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen zamanin ƙananan kwalejoji a saman tebur. Da farko AIAW ta hana ba da tallafin karatu saboda wasa, sai ta janye hanin a 1973. Ƙa'idojin aiwatar da Title IX suka fito a 1975. Manyan jami'o'in jihohi suka fara zuba kuɗi a wasan mata suna ɗaukar 'yan wasa kyauta, ƙaramar kwalejin sistoci kuwa ba ta da wannan ƙarfi. Dokar alheri ce babba ga 'yan matan Amurka, kuma ita ce ta sauke Immaculata daga inda take. Mai rubutu na gari zai faɗi duka biyun.

Dokokin wasa na lokacin

Sai a 1971 aka tabbatar da wasan mata na mutum biyar-biyar a cikakken fili, tare da agogon daƙiƙa 30 na jefa ƙwallo. Kafin nan mutum shida-shida ake yi, kuma wasu 'yan wasan ba a yarda su tsallaka tsakiyar fili ba. Wato Immaculata ta taso daidai lokacin da wasan ya sauya kama, kuma Cathy Rush ta kawo salon matsi da gudu irin na maza. Mijinta na lokacin, Ed Rush, alƙalin wasa ne a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta ƙwararrun maza. Ƙwallon da mata ke amfani da ita yanzu, wadda ta ɗan fi ta maza ƙanƙanta, sai a 1984 ta shigo wasan kwalejoji, jifa mai maki uku kuma sai kakar 1987-88. Don haka kada ka ɗora makin 52 kusa da makin wasan yau ka ce 'yan da ba su iya jifa ba.

Inda takardun suke

A cikin makaranta: ɗakin karatu na Gabriele da ma'ajiyarsa, kundin hotuna da ake bugawa kowace shekara ga masu kammalawa, jaridar ɗalibai The Immaculatan, mujallar tsofaffin ɗalibai, da littafin kwasa-kwasai na kowace shekara, wanda yake ɗauke da sunayen ma'aikata da kuɗin makaranta. Kundin shekara yana da illa guda: ana kai shi maɗaba'a kafin kaka ta ƙare, sai ka ga wasannin Maris ba sa ciki ko sun faɗa kundin shekara mai zuwa.

A waje: Daily Local News ta West Chester ita ce jaridar gundumar, kuma ƙananan jaridu sun fi manya kawo cikakken lissafin maki. Sai Philadelphia Inquirer, da Philadelphia Bulletin wadda ta daina fitowa a 1982, aka kai yankakkun labaranta da hotunanta Jami'ar Temple. Akwai kuma Catholic Standard and Times, jaridar babbar diyosis ta Filadelfiya wadda ta daina fitowa a 2012. Wasan da aka yi a wata jiha, nemi jaridar garin da aka yi shi da jaridar ɗaliban abokiyar karawa. Abin da ya shafi shekarun 2000 zuwa yau, tsofaffin shafukan intanet na sashen wasanni suna nan a Wayback Machine, rumbun da ke adana tsofaffin shafukan intanet, domin makarantu kan share tsohon shafi idan sun sauya kamfanin da ke kula musu da shi.

In kana nesa, wasiƙar imel ce hanyarka. Tambaya guda, mai shekara da suna, ita ake amsawa: misali, kana neman shafin ƙwallon kwando na kundin 1973. Wanda ya ce a turo masa duk abin da ake da shi kan wasanni, ba a cika kula shi ba, saboda a irin waɗannan makarantu mutum ɗaya ne ke riƙe da ma'ajiyar, wani lokaci ma rabin rana yake aiki. Ka sani kuma dokar FERPA ta 1974 ta kare takardun karatun ɗalibai. Sunan 'yar wasa da shigarta ƙungiya da tsayinta ana iya ba ka, amma sakamakon jarrabawarta da maganar kuɗinta ba za a ba ka ba, kada ma ka tambaya.

Sunan gida da sunan aure

Matan Amurka na wancan zamani kusan duk suna komawa sunan dangin miji bayan aure. A jaridun 1972 za ka ga Theresa Shank, a na 1992 za ka ga Theresa Grentz tana jagorantar tawagar matan Amurka a gasar Olamfik ta Barcelona, inda suka samu tagulla. Mutum ɗaya ce. Marianne Crawford ita ce Marianne Stanley wadda, a matsayin koci, ta kai Jami'ar Old Dominion ga kofin ƙasa a 1979 da 1980 da 1985. Rene Muth ita ce Rene Portland, tsohuwar kocin Jami'ar Penn State, wadda ta rasu a 2018. Yi wa kowace ginshiƙi biyu a teburin 'yan wasa, ka nema da duka sunayen. A rubutu, kawo sunan da take da shi a shekarar da kake magana, sa'annan ka ambaci ɗayan sau ɗaya.

Ƙara ginshiƙi na uku: makarantar sakandaren da ta fito. Shi ne zai amsa tambayar da kowa ke yi, wato yaya kwalejin ɗalibai 'yan ɗaruruwa ta tara gwanaye haka. Filadelfiya tana da gasar 'yan mata mai zafi a makarantun Katolika da majami'un unguwanni tun kafin shekarun 1970. Theresa Shank daga sakandaren Cardinal O'Hara ta fito tana riga ta gama gogewa. Iyalan Katolika masu ƙaramin ƙarfi kuma sun fi son 'yarsu ta yi karatu kusa da gida a hannun sistoci. Ba sa'a ba ce, rijiya ce da ke da maɓuɓɓuga a ƙarƙashinta.

Labaran da aka fi maimaitawa

Akwai labaran da kowane rubutu kan Mighty Macs yake kawowa. Zauren wasansu ya ƙone a 1967, sai suka riƙa aron wuri. Albashin Cathy Rush dala 450 ne a shekara, ta fara aikin tana da shekara 22, kuma ita ba 'yar Katolika ba ce. Sun sayar da buroshin goge haƙori don tara kuɗin zuwa Illinois, 'yan wasa takwas kawai aka iya tafiya da su, da tikitin jirgi na jiran kujerar da babu kowa, kuma su ne na 15 cikin ƙungiyoyi 16 a jerin ƙarfi. Sistoci suna zama a gefen fili suna buga bokitai da aka kawo daga shagon mahaifin Rene Muth. Duk waɗannan suna da tushe, amma yawan maimaici yana sa lambobi su yi ta kumbura. Yawan ɗaliban kwalejin misali ne: za ka ga alƙaluma daban-daban, domin wani 'yan rana kawai yake ƙirgawa, wani yana haɗawa da 'yan karatun yamma. Faɗi wanda ka ɗauka da inda ka samo shi. An kuma yi fim a kan wannan ƙungiya, wanda ya sauya sunayen 'yan wasa ya ƙara abubuwan da ba su faru ba, don haka ba majiya ba ne.

Duk jimlar da ke ɗauke da "na farko" a tsaya a ƙayyade ta. A watan Janairun 1975 Immaculata ta doke Maryland 80 da 48 a wasan kwalejojin mata na farko da aka nuna a talabijin a faɗin ƙasar. Ranar 22 ga Fabrairun 1975 ta doke Queens College 65 da 61 a Madison Square Garden gaban mutum kusan 12,000, wasan kwalejojin mata na farko a wannan zaure. Cire kalmar kwalejoji daga ɗayansu, jimlar ta zama iƙirarin da ba za ka iya karewa ba. Haka maganar zauren Naismith na karrama gwanayen ƙwallon kwando: Cathy Rush ta shiga a 2008, ƙungiyoyin 1972 zuwa 1974 a dunƙule suka shiga a 2014, Grentz da Stanley kuma a 2022. Shiga uku ne daban-daban.

Hira da waɗanda suka gani da ido

'Yan wasan 1972 yanzu sun haura shekara 70, don haka hira ita ce ba ta jira. Bi ta ofishin tsofaffin ɗalibai, su za su isar da saƙonka. A sa hannu a takardar izini kafin a kunna rikoda, a bayyana inda za a ajiye muryar da wanda zai iya amfani da ita. Zama guda kada ya wuce minti 60 zuwa 90. Ɗauki murya a tsarin WAV, ka ware awa huɗu zuwa shida don rubuta kowace awa ɗaya ta magana.

Kada ka tambayi maki ko kwanan wata, tebur ya fi ƙwaƙwalwa riƙe su. Tambayi abin da takarda ba ta ɗauka: wa ke tuƙa su zuwa wasa, ina suke atisaye, yaya gudu yake cikin rigar ulu mai nauyi da suke sawa, me iyaye suka ce. Kuma kada ka tsaya kan taurari. 'Yar benci, da ɗalibar da ke rubuta maki, da waɗanda aka bari a gida a 1972, sun faɗi labarinsu sau kaɗan, shi ya sa nasu bai goge ya zama hadda ba. Inda mutum biyu suka saɓa, kawo maganar kowa da sunansa.

Kwafa da adanawa

Takardu a sikana su a dpi 300, hotuna a 600, a ajiye asalin a TIFF, a fitar da JPEG don amfanin yau da kullum. Sikana bayan hoto ma, can ake rubuta sunaye da tambarin mai ɗauka, kuma tambarin ne zai nuna maka wanda za ka nemi izininsa kafin bugawa. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, domin su jeru da kansu. Kwafi uku, a wuri biyu aƙalla, ɗaya a wajen gida. Yankakkiyar jarida tana da sinadarin da ke ƙona takardar da ke manne da ita, don haka a raba su, kada a sa salatif ko ƙusar takarda, kuma fensir kawai ake rubutu da shi a bayan hoto.

Kada ka bar makarantar a 1977

Immaculata tana nan tana wasa, kuma labarin da ya tsaya a ranar da Cathy Rush ta ajiye aiki ya bar kusan shekara 50 a waje. Yanzu tana rukuni na uku na NCAA, rukunin da aka ƙirƙiro a 1973, wanda ba a ba da tallafin karatu saboda wasa a cikinsa. Ɗalibi na iya samun tallafi don ƙoƙarin karatu ko ƙarancin hali, amma ba don ƙwallo ba, kuma mai rubuta wa matasa ya kamata ya faɗi wannan ɓaro-ɓaro. Daga 2005 ka buɗe sabon shafi na ƙungiyoyin maza. Ga ƙananan jami'o'i masu rayuwa da kuɗin makaranta, ƙara ƙungiyar wasa hanya ce ta samun ɗalibai, saboda haka ka jera shekarar da aka ƙara kowane wasa kusa da yawan sabbin ɗalibai na shekarar, ka ga abin da zai fito.

Ƙawancen gasa ma, wato rukunin makarantun da ke karawa da juna, ya sauya suna. Pennsylvania Athletic Conference ta 1992 ita ce ta koma Colonial States Athletic Conference a 2008, sai a 2018 Immaculata ta fita tare da Cabrini, Gwynedd Mercy, Marywood da Neumann suka shiga cikin waɗanda suka kafa Atlantic East. Kofin 2005 da na 2012 na ƙawance ɗaya ne mai suna biyu, na 2019 kuwa na wani ne daban.

Alƙaluman kuɗi na wannan zamani a buɗe suke. Dokar EADA ta 1994 ta wajabta wa makarantun da ke haɗa maza da mata su bayyana yawan 'yan wasa da kuɗin da aka kashe wa kowane jinsi duk shekara, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Amurka tana sa su a intanet kyauta. Yawan ɗalibai yana IPEDS, rumbun alƙaluman jami'o'i na ma'aikatar. Wajen karanta rahoton EADA, kula da bambanci tsakanin jimillar gurabe da jimillar mutane: ɗalibar da ke gudun dogon zango a farkon shekara kuma take tsere a fili a ƙarshenta ana ƙirga ta a kowace ƙungiya, sai a wani layi na daban ake ba da adadin da ba a maimaita kowa ba. Wannan layin na biyu shi za ka raba da yawan ɗaliban digiri na farko idan kana son sanin kashi nawa ne 'yan wasa a makarantar.